Makullin Zuhura

A Zurmi, idan mace ta sunkuya a bakin famfo ɗankwalinta ya zame, ba fuskarta sauran mata ke kallo ba. Ƙeyarta suke kallo. Idan suka ga wani siririn kitso ya gilma daga bayan kunnen dama zuwa na hagu, ya haɗiye jelar sauran kitson gaba ɗaya har ba a ganin inda ko ɗaya ya ƙare, sai su san an je gidan Zuhura. Wannan siririn kitson shi suke kira makullin Zuhura. Makitsan garin duk sun gwada kwaikwayonsa a ɓoye, a kan ƙannensu da 'ya'yansu, amma nasu kwana kaɗan yake yi ya tashi buzu-buzu kamar gemun masara. Nata kuwa sai ya haura wata yana nan daram, kuma ba ya tsefuwa sai a hannun wadda ta san ta inda ake fara jansa.

A Gurbin Bore aka haife ta, gidan manoman gero. Kakarta ta wajen uwa ita ce makitsiyar ƙauyen, tsohuwa mai zafin hannu da zafin baki, wadda ke ƙwala mata kibiyar kitso a bayan hannu duk lokacin da tsagarta ta karkace. Zuhura ba ta tuna ranar da aka ce mata zo ki koya. Ta dai tashi ta ga kanta tana riƙe wa tsohuwa kwanon man shanu, daga nan tana tsefe kan yara, daga nan tana kama gefe guda idan amare sun yi yawa bayan girbi. Makullin ne kawai tsohuwar ta hana ta gani. Da ta zo wurin sai ta juya mata baya. Sai da idanunta suka fara dushewa sannan wata rana ta kamo yatsun yarinyar ta ɗora a kan nata, ta bar su suka ji abin da ake yi. Ba ta ƙara maimaitawa ba.

Aure ya kawo ta Zurmi, gidan Muhtari direban a-kori-kura, mai jigilar hatsi tsakanin Shinkafi, Moriki da Kaura. Ta haifi 'ya'ya mata biyu, sun girma sun yi nasu auren sun tafi. Shekara ashirin da wani abu tsakar gidanta ba ta rabu da takalman mata a bakin ƙofa. A ƙarƙashin bishiyar darbejiya take ajiye 'yar kujerarta, tabarma a gabanta, kuma a jajibirin sallah sai an yi faɗa a kan layi.

In ka tambaye ta me ya sa take son sana'ar, za ta ce maka tana rufa mata asiri, tana sayen sabulu da gishiri ba sai ta jira Muhtari ba. Gaskiya ne, amma da saura. Abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba shi ne daɗin da take ji idan matar alhaji, wadda a gidan biki da ƙyar za ta ɗaga mata hannu, ta tuɓe mayafi da ɗankwali ta zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Zuhura na sama, ita tana ƙasa. Ta ce sunkuya, a sunkuya. Ta kama haɓa ta juya kai inda take so, kan ya bi. Idan kuma ta gama, aikinta ne zai miƙe da ƙafafun wata ya zaga gari, a gidan suna, a asibiti, a bakin famfo, ana taɓa shi ana cewa ai ba sai an faɗa ba. Wannan ba-sai-an-faɗa-ba ɗin shi ne abincinta na gaske.

Sai daji ya lalace, ɓarayi masu bindiga suka mamaye shi.

Gonakin nesa aka fara bari, sannan na kusa. Mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari da tabarmi da tukwane a ka. Wanda bara ya cika rumbu biyu, bana shi ne ke turin kurar ruwa. Wani ya kafa tebur yana cajin waya, wani yankan farce, wani wankin babur, wani ya rungumi na'urar cirar kuɗi a ƙarƙashin laima yana hamma. Gari ya koma kowa na yi wa kowa aiki, babu mai fitar da ko zangarniya ɗaya daga ƙasa. Mai aski ya aske mai shayi, mai shayi ya zuba wa mai caji, mai caji ya zauna a gaban mai yankan farce, dukkansu suna jiran manomin da zai zo da sabon abu a hannu, shi kuwa manomin yana nan a cikinsu yana turin ruwa.

Bukukuwa suka ja baya. Mata suka fara ja wa kitso rai, kuma a nan makullin ya juya wa mai shi baya: tunda ba ya tashi, wadda a da take zuwa duk sati biyu yanzu sai ta ɗaure kai ta yi wata biyu. Zuhura takan share ƙarƙashin darbejiya, ta shimfiɗa tabarma, ta zauna har inuwa ta bar ta.

Cikin 'yan kaɗan da ba su daina zuwa ba akwai Muhsina, 'yar maƙwabciyarta Asiya. Tun kanta bai fi ƙoƙo ba Zuhura ke mata kitso. Yanzu tana karatun kasuwanci a babbar makaranta a Kaura, tana dawowa hutu da surutu fal baki.

"Inna Zuhura, kin san kina cikin littahinmu?" ta ce wata rana, kanta a cinyar Zuhura.

"Ni? Wane laihi na yi? Sunkuya."

"Wallahi. Malaminmu yac ce arzikin ƙasa kashi ukku ne. Akwai masu hidda abu daga ƙasa, awa manoma. Akwai masu sarrafa shi, awa masu masaƙa. Sai masu hidima, waɗanda ba su da abin da za su miƙa maka, sai dai su yi maka. Likita, direba, malami, ke."

"Ni da likita layi guda? To ki ce mai shi aiko min da farar riga."

"Yac ce ita hidima ba a zuba ta rumbu, ranar da ba a yi ta ba ta wuce ke nan. Kuma ba a raba ta da mai yin ta. Buhun gero shina zuwa Ikko mai shi na kwance gida, amma kitso dole ke da mai kan ku zauna wuri guda."

"Wanga abu sai an biya kuɗin makaranta ake sanin shi? Ke, bar motsi, ko in tsaga miki hanyar mota har goshi."

Suka yi dariya. Amma maganar rumbun ta zauna wa Zuhura a rai, don ta san ranakun da ta zauna hannu sake babu inda aka tara mata su.

A duk wannan tsanani shago ɗaya ne a unguwar bai taɓa ramewa ba, shagon Hajiya Gimbiya mai sayar da shinkafa, taliya, man gyaɗa da atamfa a sari. Kowa ya san garin ba shi da bakin da zai cinye kayan da ke fita daga shagon nan, kuma kowa ya yarda bai sani ba. Muhtari na cikin masu ɗaukar mata kaya. Yakan kai buhuna gindin wata tsamiya a hanyar da motoci suka daina bi, ya sauke, ya juyo ba ya waiwaye, ya dawo gida ya wanke hannu ya ci tuwo. Zuhura ba ta taɓa tambayarsa ba, don da wannan jigilar ake sayen dawar tuwon.

Wata ranar kasuwa da hantsi, tana zaune tana goge kibiyar da ba ta da datti, sai ga Hajiya Gimbiya da kanta ta yi sallama, bayanta wata mace cikin dogon hijabi.

"Zuhura, ga ɗiyar ƙanwata daga wajen Shinkahi. Ki kama mata na sauri, kalaba huɗu, ba sai kin yi wani ado ba. Kahin azahar za su koma."

Baƙuwar ta zauna a tabarma. Ta cire hijabi, ta kwance ɗankwali. Zuhura ta zuba wa kan ido. Gashi ne baƙi wuluk, mai cika, mai laushi, wanda man shago bai taɓa ƙona shi ba, kuma da ta saki jelar farko sai da ta sauka ta taɓa tabarma. An yi masa wani kitson ganganci, manyan igiyoyi kamar na ɗaure akuya. Haushi ya kama Zuhura kamar ita aka zaga.

Ba ta kai rabin tsifa ba ta gane. Gashin na warin hayaƙin ɗanyen itace, irin na masu kwana a fili. Dugadugan matar sun tsage, ƙafafunta duk tabon ƙaya, amma a wuyanta akwai sarƙar gwal mai kaurin da babu matar da ke sa irinta a Zurmi. Hajiya Gimbiya, wadda ko ludayi ba ta miƙa wa kowa, ita ce tsaye tana mata fifita. Sannan wani jirgin sama ya wuce can nesa, ƙararsa da ƙyar ake ji, sai baƙuwar ta dunƙule wuri guda ta kifa fuska a cinyar Zuhura, jikinta na ɓari har ƙarar ta ɓace. Matan gari ɗaga kai suke su kalli jirgi. Waɗanda jirgin ke nema ne ke yin haka.

Zuhura ta ɗago ta kalli Hajiya. Hajiya ta kalli katanga.

Daga baya mutanen Zurmi sun yi ta gardama a kan abin da ya sa ta ci gaba. Wasu suka ce tsoro, wasu suka ce kwaɗayi. Duk ba su gano ba. Da tsoro ne, da ta kama kalaba huɗun da aka ce, irin wadda kowace yarinya ke iya yi wa ƙanwarta, ta sallame su kafin azahar. Abin da ya faru shi ne yatsunta sun yi wata da watanni suna yunwa, ga shi an ajiye musu gashin da ba su taɓa taɓa irinsa ba, kuma ta san ba za su ƙara ba. Ta dangwali man shanu. Ta ɗora kibiya a tsakiyar goshi ta ja tsaga siririya kamar zare.

"Zuhura, na sauri na ce miki," in ji Hajiya, da ta ga inda aka dosa.

"Hajiya, in kina sauri ga kibiya nan, kama."

Zanen yawo ta yi mata, ƙanana, suna tasowa daga gefen kunne su lanƙwasa su haɗu a bayan kai kamar kunyoyin gona a gangare. Azahar ta yi suka yi salla suka koma kan kitson. Wayar baƙuwar ta yi ta ruri a cikin hijabi, Hajiya ta yi ta leƙa zaure tana dawowa tana tsaki. Zuhura ta tashi ta dama fura ta ba baƙuwar, don mai yunwa ba ta iya riƙe wuya. Ita kanta ba ta sha ba.

Da la'asar ta iso ƙeya, sai ta dakata. Ta san sauran kitson, duk kyansa, ana iya cewa na wata gwana ce a Gusau ko Sakkwato. Makullin ne ba shi da uwa biyu. Ta ɗauko baƙin zare ta ɗaure jelar yadda kowa ke yi, ta ja da baya ta duba. Sai ya yi mata kamar ɗakin amarya da aka gama jere aka bar shi babu ƙyaure. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta kwance zaren ta yar, ta kamo siririn gashi daga bayan kunnen dama.

Da aka miƙa wa baƙuwar madubi, ta juya kai hagu, ta juya dama, ta shafa ƙeya a hankali. Maganarta ta farko ke nan tun zuwanta.

"Ashe haka nike?"

Zuhura ta ji wani sanyi ya sauka mata har tafin ƙafa. Ranar ta ci tuwo da daɗi.

Ba a jima ba aka tare motar haya a hanyar Kaura aka shiga daji da fasinjojinta. Muhsina na ciki, tana dawowa hutu. Zuhura ta yi kuka na gaske. Ita ke dafa wa Asiya abinci, ita ke zama da ita tana ba ta baki. Ba ta haɗa wannan da wancan ba, ko kuma ba ta bar kanta ta haɗa ba. Unguwa ta yi karo-karon kuɗin fansa, Hajiya Gimbiya ta ba da abin da ya fi na kowa, kuma ita ce ta san wani da ya san wani. Muhtari ne ya kai kayan da aka nema gindin tsamiya. Sai da damina ta kusa ƙarewa aka sako Muhsina.

Gidan Asiya ya cika da mata 'yan barka. Muhsina na zaune jingine da bango, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, gashinta ya cure ya zama dunƙule guda. Zuhura ta shigo da kwanon man shanu da matsefi da kibiya, ta ratsa mata ta ajiye kujerarta.

"Taho ɗiyata, in raba ki da wanga kaya."

Muhsina ba ta motsa ba. "Kar ki taɓa ni, Inna."

"Ke Muhsina, Innarki ce hwa," in ji Asiya, ta juya ga matan. "Ku yi haƙuri, har yanzu ba ta dawo daidai ba."

"Lahiyata lau, Umma." Muryarta ba ta tashi ba, kuma idonta na kan Zuhura. "Matar babbansu anka ba ni in riƙa yi ma aiki. Ranar farko ta duƙa tana alwala, ɗankwalinta yaz zame, sai ga makullinki. Wallahi Inna murna na yi. Na ce ashe ke ma an kamo ki, ashe ina da uwa wurin ga. Na yi ta leƙen waɗanda anka ɗaure ina neman ki. Har na tambaye ta, ina matar da ta yi miki kitso? Tay yi dariya. Tac ce cikin garinku anka yi min, a gidanta, ina zaune har la'asar, har hura ta dama min."

Wata mata ta kai hannu ta gyara ɗankwalinta ta baya.

"Da ya tsuhwa ta kasa tsehe shi. Sun taru kanshi sun kasa, har za su sa reza. Ni na buɗe mata shi, don ni na san ta inda ake ja. Ke kinka nuna min. Ina tsehewa sarƙa na ƙahwata. Ranar sun ba ni nama."

Zuhura ta buɗe baki. Abin da ya fara zuwa kan harshenta, Allah ya rufa mata asiri ba ta furta ba, tambaya ce: har tsawon yaushe ya kai bai tashi ba? Ta rufe bakin. Ta ɗauki kwanonta ta fita. Kujerar ta manta da ita, kuma ba wanda ya biyo ta da ita.

Kashegari mai unguwa ya aika a kira ta. Zauren cike yake da maza, har da matasan da ke gadin gari da bindigoginsu ƙirar gida. Kalma guda suke jira a furta, infoma, wato mai kai wa ɓarayin daji rahoto, kuma a wannan zamani wanda aka liƙa wa ita ba ya daɗewa a duniya. Zuhura ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Hajiya Gimbiya ta kawo min ita," ta ce. "Tac ce ɗiyar ƙanwarta ce."

Aka kira Hajiya. Ta zo da carbi a hannu, aka shimfiɗa mata darduma.

"Ranka shi daɗe, shagona bakin hanya yake, kowa na shiga. Mace ta sai atamfa tac ce ina mai kitso, na ce bari in taimaki maƙwabciya da ciniki. In na ce ɗiyata, wace yarinya ce ban ce ma ɗiyata? Ni kaya nike saidawa. In mutum ya sai shinkahwa, ban bin shi in ga tukunyar da za ta."

Daga bayan katanga, inda mata suka taru, muryar Asiya ta taso. "Kar a sa Hajiya cikin wagga magana! Ba don ita ba da yanzu ɗiyata na can!"

Babu wanda ya so a ci gaba ta wannan hanyar. Mai sayar da fetur a galan yana zaune a zauren. Mai gidan burodin da ke gasa fiye da abin da garin ke ci yana nan. Muhtari yana nan a lungu yana kallon yatsun ƙafarsa. Duk kayansu sun shiga daji, amma kayan su kaɗai suka tafi, ba su tafi da hannun kowa a jiki ba.

Mai unguwa dattijo ne mai gudun a zubar da jini. Ya gyara zama. "Zuhura, tambaya guda. Sadda kike mata kitson, kin san ko wace ce?"

Ƙofa ce ya buɗe mata, kuma kowa ya gani. In ta ce a'a ta rantse, zai karɓa. Amma ɗaya daga cikin matasan ya riga ta.

"Wuni guda kanta bisa cinyarta! Matar da ke taɓa gashi ai ta san mai ciki tun kahin mijin shi sani!"

Wasu suka yi dariya. Kuma abin takaici, wannan zargin ya yi mata daɗi fiye da ƙofar da aka buɗe mata. In ta ce a'a, ta ce ke nan a gaban garin nan yatsunta makafi ne.

"Ban tambaye ta ba," ta ce.

"Ba shi na tambaye ki ba."

Ta ɗago ta dubi mai unguwa har ya sauke ido.

"Gashi na gani, ranka shi daɗe," ta ce. "Gashi na gani."

Mai unguwa ya hana kowa ya taɓa ta, amma ya ce ba zai iya tsaron ƙofarta kullum ba, gara ta je wurin dangi har ƙura ta lafa. A gida Muhtari ya tare ta tun daga zaure.

"Kalaba huɗu anka ce miki! Huɗu! Da kin yi su awa na kowa, wa za ya sani?"

"Kai ke faɗa min haka? Kai da ke kai musu shinkahwa?"

"Ni buhu nike ajewa in juyo. Kin taɓa ganin buhu ya tashi ya ce Muhtari yak kawo ni? Ke sai da kinka sa sunanki ga ƙeyarta."

Shi ya raka ta tasha, amma ba a motarsa ba, kuma yana tafe nesa da ita. A hanya ta ga abin da ya fi maganarsa ciwo. A kan juji, a bakin kwata, a gindin katanga, ga curin gashi nan baƙi-baƙi iska na wasa da shi. Matan Zurmi sun wuni suna raba kansu da makullinta, kada a gan shi a ƙeyarsu. Waɗanda ba su san ta inda ake ja ba sun sa reza.

Yanzu tana Kaura Namoda, a ɗaki ɗaya bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, wurin wata 'yar ƙanin babanta. Ƙurar ba ta lafa ba, ko ta lafa ba a aiko an gaya mata ba. Tana aiki a shagon gyaran gashi na wata matashiya, Ilham, mai manyan madubai da injin busar da kai. Ba wanda ya san sunanta a nan, Iya suke ce mata. Aikinta wanke kai da kama kwantaccen kitson da ake ɗora hular gashi a kansa, kitson da aka yi shi don kada a gan shi. A shagon nan makitsiya ce ke tsaye. Mai kai tana kan kujera mai juyawa, tana danna waya.

Wani lokaci takan hango a-kori-kurar Muhtari ta gilashin shagon, ta fito daga kasuwa maƙare da buhuna ta nufi hanyar Zurmi. Ba ya tsayawa. An ce Hajiya Gimbiya ta buɗe shago na biyu. An ce Muhsina ta aske kanta ƙwal, kuma ta ce ba za ta ƙara bari ya tsiro har a kama ba.

Wannan labarin na ƙarshe yakan hana Zuhura cin abinci. Amma in ta rufe ido, ba fuskar Muhsina ke fara zuwa mata ba, kuma wannan ne ba ta iya yafe wa kanta. Tsagogin nan ke zuwa, sirara, suna lanƙwasa suna haɗuwa a bayan kai. Shi ne aiki mafi kyau da hannunta ya taɓa yi a duniya, kuma ba wanda ya gan shi sai mutanen daji da yarinyar da ke cikin sarƙa.

Kwanan baya wata amarya daga Kasuwar Daji ta zo, mai gashi mai kyau, ta ce ita ba ta son hula, kitson hannu take so. Ilham ta tura wa Iya ita. Zuhura ta yi mata shuku, tsaf amma ba gishiri, irin wanda za a gani a ko'ina. Da ta iso ƙeya sai ta ga yatsunta sun riga ta, sun kamo siririn gashi daga bayan kunnen dama, har sun yi saƙa biyu. Ta tsaya. Ta warware. Ta miƙa hannu ta ɗauko baƙin zare.

"Allah ya sa dai ya kai min sati biyu," in ji amaryar, idonta a kan waya. "An ce da akwai wata a Zurmi, in ta yi miki sai ya yi wata biyu bai motsa ba. Ashe ita ke yi ma matan ɓarayi."

"Allah shi raba mu," in ji Ilham daga bakin madubi. "Ai ko ba ɓarayi, wannan kashe kasuwa ne. Wata biyu mutum bai dawo ba, mu ci me? Na Iya ya hi, sati guda ya saki."

Zuhura ta naɗa zaren a yatsa. "Sunkuya," ta ce.

"Iya, ki bari in gama tura saƙon nan mana."

Zuhura ta ja da baya, hannuwanta a sama suna ƙyallin mai, ta tsaya tana jira.